Leda 2,000, tsiro 17: wa ya kashe mana irin darbejiya?

Auwalu (Jahun): Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina da damuwa, kuma tun jiya nake juya ta a raina kafin na rubuto. Ƙungiyarmu ta matasan ƙauye mun yi niyyar rainon itatuwa don mu dasa a makabarta da bakin makarantar firamare. Bara da darbejiya ta zubar da 'ya'ya muka sa yara suka tsinto mana, muka wanke, muka baza a kan kwano kwana uku a rana, muka zuba a bokitin fenti mai murfi, muka ajiye a shagon wani ɗan uwanmu. Wata goma yana nan. Bana muka cika leda 2,000 da ƙasa da takin awaki, muka shuka, muna ban ruwa safe da yamma da kurar ruwa da muke biya. Yau sati biyar. Na ƙirga da kaina, 17 ne suka fito. Abin da ya fi ɗaure min kai, gawo da ba wanda ya shuka shi ya fito a ledoji da yawa. Wasu dattawa sun ce baki ne ya kama aikin. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mana inda muka kuskure.

Ɗan Ringim: Wa alaikumus salam. Mu a nan maina muke ce mata, kuma ko ba ka shuka ta ba fitowa take a bayan gida. Yanzu ita ce har ta gagare ku?

Hajiya Mai Kalwa (Gwaram): Kai Ɗan Ringim, yaro ya zo da kuka kai kuma ka zo da zolaya. Auwalu ɗana, sannu. Allah ya ba da ladan niyya.

Malam Habu Gandun Daji: Wa alaikumus salam Auwalu. Ba baki ba ne, ba kuma sammu ba. Irin ya mutu tun yana cikin bokiti, ku gawa kuka binne kuna ta yi mata ban ruwa. Na yi shekaru ina aikin raino kafin na yi ritaya, kuma dokar farko da aka koya mana a kan darbejiya ita ce ba a ajiye ta. Ka tsinto ta nunanna, rawaya, ka cire naman, ka wanke, ka sha mata iska a inuwa, ka shuka cikin sati ɗaya ko biyu. In ka yi haka kusan duk za su fito. In ka bar ta a ɗaki wata biyu zuwa uku, yawancinta ta tafi. Ku kuma kun haɗa mata uku: zafin kwano a rana, bokiti a rufe alhali ba ku tabbatar ta bushe ba, sannan shagon kwano a watan Afrilu da ko a waje zafi ke wuce digiri 40.

Abin da Ɗan Ringim ya faɗa ma shaida ce. Wadda ke fitowa a bayan gida tsuntsu ko jemage ne ya sha naman ya yar da ƙwallon ɗanye, ya faɗi a danshi, ya tsira nan take. Ba ta kwana a bokiti ba.

Auwalu (Jahun): Innalillahi. To Malam, gawon fa? Shi wa ya ajiye shi?

Malam Habu Gandun Daji: Akuya. Gawo da bagaruwa da kuka da tsamiya ɓawonsu tauri ne da shi, ruwa ba ya shiga da sauƙi, shi ya sa suke shekaru ba su mutu ba. Akuya ta ci kwanson gawo, ƙwayar ta bi ta cikinta, ɓawon ya ɗan ci wuya ya yi laushi, ta kasayar da ita a cikin taki. Kun kawo takin, kun ba shi ruwa, ya ce bismillah. Mu a wurin raino da farce muke ɗan yanke gefen ƙwayar, abin yankan farcen nan na kasuwa, ta ɓangaren da ba idon tsiro ba. Ko a tafasa ruwa a sauke, a zuba irin a ciki ya kwana. Wanda ya kumbura da safe shi ne ya sha ruwa, a shuka shi a ranar. Kada ku zubar da gawon nan da ya fito muku, ya fi darbejiyar amfani a gona. Ganyensa da rani yake fitowa, da damina ya kaɗe, ga taki a ƙarƙashinsa, ga gero yana yi har gindinsa.

Rukayya (ɗaliba): Assalamu alaikum. Baba Malam Habu ya gama magana, ni dai zan ɗan ƙara abin da ke faruwa a cikin ƙwayar, tunda karatuna a kan haka yake. A 1973 wani masani a Ingila, E. H. Roberts, ya kasa iri gida biyu. Akwai mai jure bushewa, wanda in ka busar da shi ka sanyaya shi sai kwanansa ya ƙaru, irin su gero, dawa, wake, gawo, kuka. Akwai kuma mai taurin kai, wanda bushewa ce ajalinsa, irin su ƙwallon mangwaro, kaɗanya, goro da koko. Daga baya aka ga akwai na tsakiya da ba su zauna daidai a kowane gida ba, kuma darbejiya a nan ake yawan sa ta.

Mai jure bushewa, lokacin da yake nuna a jikin uwa yana tara sukari da wasu sinadaran furotin na musamman. Da ruwa ya fita, sai cikin ƙwayoyin halittarsa ya daskare kamar alewar da aka sauke ta huce. Komai ya tsaya cak a inda yake, ba abin da ke motsi balle ya lalace da sauri. Mai taurin kai bai yi wannan shiri ba. Yana faɗowa daga uwa a jiƙe, yana numfashi, a kan hanyarsa ta tsira yake. In ka busar da shi tantanin ƙwayoyinsa ya yayyage, in ka rufe shi a jiƙe ya yi fumfuna ko ya ruɓe.

Ko mai jurewar ma tsufa yake yi a hankali. Iskar da muke shaƙa tana cin kitsen da ke cikin tantanin, kamar yadda man gyaɗa ke yin ɗoyi in ya daɗe, kuma DNA ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗauke da gadonsa, yana ɗan tsintsinkewa. Ranar da ya sha ruwa, aikin farko da yake yi shi ne gyaran waɗannan ɓarnar. In ɓarnar kaɗan ce ya gyara ya fito, sai dai ya makara. In ta yi yawa ba zai iya ba. Shi ya sa tsohon iri kafin ya mutu gaba ɗaya za ka ga yana fitowa a rarrabe, yau ɗaya, jibi biyu, kuma tsiron ba ƙwari.

Ɗan Ringim: Malama Rukayya wannan duk a ina kuka gani? Da ido?

Rukayya (ɗaliba): Wani da madubin ƙara girma, wani da gwaji. Misali mai sauƙi: in ka jiƙa tsohon iri a ruwa mai tsabta, gishirin cikinsa yana tsiyayowa waje saboda tantanin ya huje, kuma akwai na'urar da ke auna hakan a ruwan. Sabon iri ba ya zubar da nasa sosai. Akwai kuma wani ruwa da ake kira tetirazoliyam, wanda wani masani a Jamus, Georg Lakon, ya fito da amfaninsa a shekarun 1940. Shi ba shi da launi. Ka jiƙa irin, ka tsaga shi, ka sa a ciki a wuri mai duhu na wasu sa'o'i. Inda ke da rai yana numfashi sai ya koma ja, matacce ya zauna fari. Ranar da na fara yi da hannuna na daɗe ina kallon faranti, ga ƙwayoyi iri ɗaya sak a ido, amma wannan ja jawur, na kusa da shi fari fat.

A kan darbejiya kuma, wani masani ɗan Burkina Faso, Moctar Sacande, ya yi digirinsa na uku a Wageningen ta ƙasar Holan a kanta. Abin da ya nuna shi ne ana iya busar da ita ta daɗe in an tsinke ta a daidai nunarta, amma tana da sharuɗɗa. In tana da danshi ba ta son sanyin firji. In kuma ta bushe ƙayau ba ta son a tsoma ta a ruwan sanyi farat ɗaya, tantanin sai ya fashe, ruwan ɗumi take so. Wannan aikin masu kayan aiki ne. Ga wanda bishiyar ke ƙofar gidansa, shawarar Baba Malam Habu ta fi.

Hajiya Mai Kalwa (Gwaram): Wallahi maganar kaɗanya gaskiya ce. Kakarmu in tana son kaɗe ya fito a gona, ranar da aka sha ɗanyen ranar take tura ƙwallon a ƙasa da diddige. Ta ce wanda aka shanya don man kaɗe ya riga ya zama na tukunya. Kuma haƙuri ake yi da shi, saiwa yake fara yi ƙasa, sai ka fid da rai sannan ganye ya leƙo. Ga shi sai ya shekara 15 ko fiye kafin a sha ɗansa. Shi ya sa in na ga mai gawayi ya kwantar da kaɗanya raina ke ɓaci.

Amma ina da tambaya. Ɗorawar gonarmu ɗaya ce tal ta rage a wajen, sauran duk an sare. Fure take yi kamar da, tutturun nan ja suna reto, amma kwanson ya ragu ƙwarai, wani ma in ka ɓare kalwa biyu uku ce a ciki. Tsufa ne?

Malam Habu Gandun Daji: Hajiya, tsufa na iya sa wa, ƙarancin ruwa ma haka. Amma ki lura da dare in tana fure, jemagu na zuwa? Ɗorawa da kuka jemage ne babban mai yi musu barbara, ƙudan zuma na taimaka wa ɗorawa da sassafe. Kuma ɗorawa ta fi son garin furen wata ɗorawar a kan nata. In ita kaɗai ce a fili, ga yara sun kori jemagu da danƙo, to fure zai yi yawa 'ya'ya su yi kaɗan. Wannan ma ya shafi Auwalu. In za ku tara iri kada ku kwashe daga bishiya ɗaya don ta fi kusa da gida. Ku zaga, ku ɗebo daga bishiyoyi 25 zuwa 30 masu lafiya da ke nesa da juna. In duk dashenku 'ya'yan uwa ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka.

Sai marke, shi nasa daban ne. Ka tara mudu guda, ka tsaga, yawanci ba kowa a ciki, ɓawo ne kawai. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙasarsa ce ba kyau.

Baba Mai Dabino (Dutse): Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Tunda an zo maganar barbara, ku matsa min in zauna. Auwalu kai wata goma ka yi asara. Ni shekara bakwai na yi. Da na je aikin Hajji na zo da ajwa, muka ci, na ce wannan ƙwallon ba zai tafi bola ba. Na shuka 12 a fadamata, na yi ta wahala da su. Da suka isa fure, bakwai maza ne. Biyar ɗin da suka zama mata, da suka yi 'ya'ya ba wadda ta yi kama da ajwa, ɗaya ma ƙwallo ne da fata kawai. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a dabino ɗan yana rarrafe har da jan ciki.

Ɗan Ringim: Baba ai da ka tambayi masu sayar da dashe a bakin titi, su duk nasu mata ne, kuma duk 'yan Madina.

Baba Mai Dabino (Dutse): Kai dai bari. Wani ya taɓa sayar wa maƙwabcina guda 20 da rantsuwa. Ba zan kama suna ba, ya san kansa.

Rukayya (ɗaliba): Baba sannu da ƙoƙari. Abin da ya same ka shi ne ƙa'idar dabino. Namiji daban, mace daban, kamar giginya. Ƙwallo kuma ɗa ne na uwa da uba, rabin gadonsa daga namijin da ba ka taɓa gani ba. Kusan rabin abin da ka shuka maza za su zama, matan kuma kowacce da halinta. Wanda ke son ainihin uwar sai ya cire ɗan da ke fitowa a gindinta ya dasa, shi wannan jikinta ne, mace ce kuma irin 'ya'yanta zai yi. Ko kuma dashen da ake rainonsa a kwalba a ɗakin gwaji daga tsokar uwar. Tashar binciken dabino ta NIFOR da ke nan Dutse aikinta ke nan, binciken dabino.

Inda ilmin ƙwayoyin gado ya shigo shi ne nan. A 2011 masu bincike a Ƙatar suka fitar da taswirar gadon dabino, daga wani iri da ake kira Khalas. Aka gano tsarinsa irin na mutane ne, namiji ne ke ɗauke da abin da ke raba jinsi, X da Y, mace kuma X biyu. A 2018 aka ƙara gano wasu 'yan ƙwayoyin gado da maza kaɗai ke da su, cikinsu har da masu aikin haɗa garin fure. To tunda namiji na da abin da mace ba ta da shi, ana iya yankar ɗan ganye daga tsiro mai wata kaɗan, a ciro DNA, a sa a na'urar PCR, irin wadda aka yi ta gwajin korona da ita. Na'urar tana neman wannan yanki na maza ta ninka shi har ya isa a gani. In ya bayyana namiji ne, in bai bayyana ba mace ce. Aikin kwana ɗaya ko biyu a maimakon shekara biyar zuwa bakwai.

Baba Mai Dabino (Dutse): 'Yata, ni ma yanzu ina ganewa ba na'ura. Namiji ƙayarsa ta fi kauri, ganyensa ya fi tsauri, gindinsa ya fi cika. Tun yana ƙarami.

Rukayya (ɗaliba): Baba, da girmamawa, a babban dabino ido irin naka zai iya canka daidai sau da yawa. Amma a ƙaramin tsiro an gwada waɗannan alamomi ba su tsaya ba. Wanda ya samu ruwa da taki sai ya yi kauri ko mace ce. Ka gwada mu gani: ka ɗaura wa ƙananan da kake da su zare, ja ga wanda ka ce namiji, fari ga mace, jikanka ya rubuta a littafi. In sun yi fure a ƙirga.

Baba Mai Dabino (Dutse): Wato in jira shekara biyar don ki ci ni gyara. To Allah ya kai mu, na yarda. Amma ga wadda za ki sha mamaki. Cikin mazan nan bakwai na sare biyar na bar biyu. Ɗaya na bakin rijiya, ɗaya na wajen shinge. In na yi barbara da na bakin rijiya, 'ya'yan sun fi girma kuma sun riga nuna. Uwa ɗaya, shekara ɗaya, zangarniya daban. Na faɗa wa wani yaro mai karatu ya ce camfi ne, wai namiji ƙwallo kawai yake shafa ba nama ba.

Rukayya (ɗaliba): A nan kam Baba kai ne da gaskiya, yaron ne bai kai wurin a karatunsa ba. Tun 1928 wani masani a Amurka, Walter Swingle, ya rubuta a kan haka, kuma a dabino ya gani. Garin namiji yana canza girman ɗan da lokacin nunarsa, ba ƙwallon kaɗai ba. Ka riƙe na bakin rijiyar nan da kyau, kuma in ya yi 'ya'yan gindi kada ka yar.

Malam Liman: Allah ya yi muku albarka. Barbarar dabino ai tsohuwar sana'a ce. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya iske mutanen Madina suna yi, ya yi magana a kai, suka bari, dabinon bai yi kyau ba a shekarar. Da suka faɗa masa sai ya ce su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Don haka Auwalu, ka gaya wa dattawan da suka ce baki ne, da ladabi, cewa neman sanin sababi ba ya cin karo da tawakkali.

Sabo Waya: Akwai sola da batir da firji mai aiki da hasken rana, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni ta akwati.

Mai Kula da Zaure: Sabo, ranar Juma'a ce ranar talla. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Baba Mai Dabino (Dutse): Ku bar shi, ya tuna min da abin da nake son tambaya. Matsalata ita ce wani lokaci mace ta buɗe namiji bai buɗe ba, ko shi ya riga ta da sati uku. Ita kuma in ta tsage kwanaki kaɗan gare ta, in ka wuce su shi ke nan. Sai ka ga 'ya'yan sun fito uku uku a manne, ƙanana, ba ƙwallo, ba sa nuna kirki, sai dai a ba awaki. Ni abin da nake yi, in kwanson namiji ya fara tsagewa sai in yanko, in rataye a ɗaki a inuwa, in shimfiɗa takarda a ƙasa garin ya zuba. In mace ta buɗe in ɗauki silin namiji biyu ko uku in soke a tsakiyarta a juye, in ɗaure da ganye. Amma na taɓa ajiye garin a gwangwanin madara har shekara, na yi amfani da shi, bai kama ba. Ya mutu ne shi ma?

Rukayya (ɗaliba): Wannan shi ne ainihin aikin da nake yi Baba. Garin fure ma rai gare shi. Na masara sa'o'i kaɗan yake yi a waje ya mutu, shi ya sa in zafi da iska suka haɗu lokacin bunni sai ka ga goyon ya yi giɓi. Na dabino kuwa yana da jimiri, in ya bushe sosai aka rufe shi a kwalba aka sa a firji yana kai shekara, a firiza ya wuce haka. Abin da ke kashe shi danshi ne da zafi. Gwangwaninka ya ratsa damina a ɗaki, ya sha raɓa, ya sha zafin bazara.

Yadda muke gwadawa, muna haɗa ruwan sukari da ɗan sinadarin boron, mu barbaɗa garin a kai, mu rufe na wasu sa'o'i, mu duba a madubi. Mai rai yana fitar da wani siririn bututu kamar wutsiya, wanda a jikin mace shi ne ke nutsawa ya kai ga ƙwan. Sai mu ƙirga masu wutsiya cikin 100. Akwai rini da ake sa wa garin ya yi ja, ya fi sauri, amma yana yaudara, don yakan rina wanda ya riga ya mutu. Ni na fi yarda da wutsiyar.

Uku ukun da ka gani kuma, kowane furen mace ɗaki uku gare shi. In barbara ta kama, ɗaya ne ke girma biyun su bushe. In ba ta kama ba sai ukun su taso tare ba ƙwallo.

A gida, ka busar da garin a inuwa har ya riƙa tashi kamar hoda, ka zuba a ƙaramar kwalba mai murfin roba, ka jefa 'yar jakar nan mai ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, tana tsotse danshi. In za ka fito da shi daga firji kada ka buɗe nan take, ka bari sanyin kwalbar ya fita tukuna, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kai.

Ɗan Ringim: Firji da wace wutar? Mu fa a ƙauye muke. Duk abin da kuka lissafa, na'urar korona, madubi, firiza, wane manomi ne zai gan su? Bincike a takarda yake ƙarewa. Kowace shekara a yi bikin dashe, a ɗauki hoto, bayan wata uku awaki sun gama da shi. Ni a ganina matsalarmu shinge ce da ban ruwa, ba DNA ba.

Malam Habu Gandun Daji: Rabin maganarka gaskiya ce, dashen da ba a tsare ba abincin akuya ne. A Maraɗi ma abin da ya dawo musu da itatuwa tun shekarun 1980 ba leda ba ce, kututturan da ke tohowa a gona suka riƙa sassabewa suna barin reshe ɗaya biyu ya girma. Amma Auwalu shingensa lafiya lau, ruwansa safe da yamma, abin da ya kashe shi rashin sanin kwanan iri ne. Wannan sanin kuma daga binciken ya fito, kuma bai ci ko sisi ba da ya zo hannunsa yau. Aikin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Kano da Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, yawancin dashen da za a yi a cikinsa daga ƙwayar iri zai fara.

Kuma akwai abin da ba ya son wuta. Masana iri suna da ƙa'idar da suke kira ta Harrington: ga iri mai jure bushewa, duk kashi 1 cikin 100 na danshi da ka rage, kwanansa ya ninka, duk kusan digiri 5 na zafi da ka rage, ya sake ninkawa. Ka ga bushewa kaɗai ta yi maka rabin aiki, ga hunturu Allah ya ba mu kyauta. In kana shakka ko ya bushe, ka zuba shi a busasshiyar kwalba da ɗan busasshen gishiri ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar da saura. Sannan ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Kalwa (Gwaram): To tukunya cikin tukunya fa, ta Malam Mohammed Bah Abba? Ai a nan Jigawa ya yaɗa ta har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ni har yanzu ina sa tumatir da alayyahu.

Rukayya (ɗaliba): Tana sanyaya wa Hajiya, amma da danshi take aiki, shi ya sa ganye ke son ta. Iri ko garin fure in za a sa sai a kwalbar da ko iska ba ta shiga. In murfin na da shakka gara a bar shi a ɗakin ƙasa. Manyan rumbunan iri na duniya ma ƙa'idar ɗaya ce, a busar sannan a daskarar. Na Svalbard a Norway da aka buɗe a 2008 yana kan digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma akwai waken da cibiyar binciken noma ta IITA ta kai ajiya daga Ibadan. A gida kuma akwai cibiyar adana iri ta ƙasa, NACGRAB, a Ibadan. Amma ko a can ba a iya ajiye ƙwallon mangwaro ko kaɗanya haka, waɗannan sai a raye a fili.

Baba Mai Dabino, ga wanda zai faranta maka. A shekarun 1960 masu tonon tarihi suka samu ƙwallayen dabino a Masada, kusa da Tekun Gishiri, wurin da ba ruwan sama sosai. A 2005 aka shuka, ɗaya ya tsira. Da aka auna ɓawon da ya maƙale a saiwarsa aka ga ya kai kimanin shekara 2,000.

Baba Mai Dabino (Dutse): Allahu Akbar. Mace ce?

Rukayya (ɗaliba): Namiji ne Baba.

Baba Mai Dabino (Dutse): Ka ji! Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Rukayya (ɗaliba): Daga baya wasu tsofaffin ƙwallayen sun tsira, aka samu mace, aka yi mata barbara da garinsa, ta yi 'ya'ya a 2020.

Ɗan Ringim: Dabino shekara 2,000, mainar Auwalu ko shekara ɗaya ba ta kai ba. Auwalu ka koma dabino kawai.

Auwalu (Jahun): Na gode ƙwarai iyayena. Yanzu na dawo daga shagon, akwai ragowar irin a gindin bokiti. Na fasa 30 da dutse kamar yadda Malam Habu ya ce min a waya. Biyu ne kawai cikinsu ke da ɗan kore, sauran sun yi ruwan ƙasa, wasu sun zama gari, ga warin tsohon mai. Da mun fasa tun kafin mu cika leda da ba mu kashe kuɗin ruwa ba. Ledojin dai suna nan da ƙasarsu. Mun yanke za mu bar gawon da ya fito, mu ƙara da kuka da tsamiya a rabi, sauran mu jira darbejiya ta nuna mu shuka ɗanya.

Malam Habu Gandun Daji: Madalla. Amma kukar da tsamiyar ma ku gwada kafin ku zuba. Ku ɗebi 100, ku yi musu yankan farcen, ku jera a jiƙaƙƙen buhun algarara ko yashin rafi a inuwa, kada ya bushe. Bayan sati biyu ku ƙirga. In 80 suka fito ku sa ɗaya ɗaya a leda, in 40 ne ku sa biyu biyu. Gawon kuma kada ya daɗe a leda, saiwarsa ƙasa take nutsawa da sauri, in ta huda ledar ta kama ƙasa za ku sha wuya wajen ɗagawa. Ku riƙa matsar da ledojin duk bayan sati biyu.

Baba Mai Dabino (Dutse): Rukayya 'yata, in na bakin rijiya ya buɗe zan ɗebo miki garinsa da na wajen shingen, ki duba min wutsiyar tasu a madubinki. Jikana zai kawo ranar kasuwar Shuwarin.

Rukayya (ɗaliba): To Baba, Allah ya kai mu. Kowanne a kwalbarsa daban, a rubuta suna da ranar da aka yanko. Kuma don Allah kada ya sa su a aljihun gaba ya hau babur a rana, ya naɗe su a tsumma ya sa a jaka.